Ƙaramar libarba mara nauyi: .22, .32 ko .38, wacce ta dace da hannunka?

Wanda ya shiga shagon sayar da bindigogi a Amurka yana neman ƙaramar libarba, wato bindigar hannu mai silinda mai juyawa da ake zuba harsashi a ramukanta, yakan zo ne da buri biyu a ransa. Yana son wadda zai tafi da ita filin koyon harbi ranar hutu, ya ƙarar da kwali biyu ko uku na harsashi hannunsa bai yi tsami ba. Yana kuma son ita ɗin dai ta shige aljihu, ya wuni da ita har ya manta tana jikinsa. To, taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya. Duk giram ɗin da maƙera suka zare daga jikin bindiga, mai ita ne zai biya shi a wani wurin: ko a shurin da take yi wa tafin hannu idan ta tashi, ko a wahalar tsayar da saiti, ko a kuɗin da zai ajiye a kan kanta. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya san inda ya fi iya biya.

Maganar nan ta inda doka ta yarda ce. A ƙasashe da yawa farar hula ba shi da ikon mallakar irin wannan bindiga ko kaɗan, balle yawo da ita. A Amurkar ma akwai sharuɗɗa: dokar tarayya ta 1968 ta hana dila mai lasisi sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, mai saye zai cike takarda mai lamba 4473, sannan a binciki tarihinsa ta tsarin da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998. Baƙon da ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu, a bisa ƙa'ida an hana shi riƙe bindiga in ban da wasu 'yan yanayi da doka ta keɓe. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuni 2022 a shari'ar Bruen ya tabbatar da 'yancin ɗaukar bindiga a wajen gida, kuma fiye da rabin jihohi yanzu ba sa neman takardar izini, amma abin da ya halatta a wata jiha yana iya kai mutum kurkuku da zarar ya tsallaka iyaka zuwa maƙwabciyarta. A fara da karanta dokar jiha kafin a fara duba bindiga.

Mutane sukan fara da tambayar wane kamfani ya fi. Ni a ganina harsashi ake fara zaɓa, shi ne yake kawo bindigar. Lambobin nan .22, .32 da .38 sunayen girman harsashi ne, daga siriri zuwa mai kauri.

Harsashin .22 LR tsoho ne, tun 1887 yake kasuwa, kuma har yau babu wanda ya kama ƙafarsa wajen araha. Kuɗin da zai saya maka kwali ɗaya na .38 zai saya maka .22 ninkin ba ninkin. Shurinsa kuwa bai taka kara ya karya ba, ko a bindigar da ba ta kai rabin kilo ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin iya harbi da gajeriyar libarba ba ya samuwa sai da maimaici mai yawa, kuma mutum ba ya maimaita abin da ke ji masa ciwo ko yake cinye masa aljihu. Ga kuma yawa: silindar da ke ɗaukar harsashi 5 na .38 tana ɗaukar 8 na .22.

Sai dai akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi jawo wa masu saye nadama. Harsasai iri biyu ne wajen yadda wuta ke kama su. A .38 da .32, sinadarin da ke kunna albarushi yana cikin wani ɗan ƙoƙo a tsakiyar gindin kwanso, duka kaɗan ya ishe shi. A .22 kuwa an zuba shi ne a cikin leɓen kwanson, zagaye da gefe, don haka sai guduma ta murƙushe leɓen tagullar da ƙarfi kafin ya kama. Saboda haka dole maƙera su sa wa gudumar sifirin mai tauri, kuma yatsanka ne zai ja wannan sifirin duk lokacin da ka ja kunama. Ƙarfin da ake buƙata yakan haura kilo 5. Yanzu ka auna: bindigar giram 330 ce, yatsa kuma yana matsa mata ƙarfin da ya ninka nauyinta fiye da sau goma sha biyar. In hannu bai riƙe da kyau ba, bakin bindiga zai kauce kafin harsashi ya fita. Shi ya sa nake jin takaici idan na ji ana cewa dattijo ko mace mai ciwon gaɓoɓi su ɗauki libarbar .22 kawai don ba ta shuri. Gaskiya ne ba ta shuri, amma mai yiwuwa ita ce mafi taurin kunama a duk shagon. Wasu sukan canza sifirin su sa mai laushi, sai bindigar ta fara ƙin tashi. Ga wadda za a dogara da ita, wannan gyaran gangar auzinawa ne.

Abu na biyu, harsashin .22 ya fi sauran yawan ƙin tashi, musamman na arha da ake sayarwa da bokiti, domin wani lokaci sinadarin bai zagaye leɓen duka ba. A nan libarba ta fi fistol mai ɗura kanta: in wani bai tashi ba, jan kunama na gaba zai juyo da sabo, babu abin da ya maƙale. A filin atisaye dai ƙa'ida ita ce ka bar bakin bindiga yana kallon allon saiti na kamar daƙiƙa talatin, don akwai harsashin da kan yi jinkiri kafin ya tashi. Abu na uku datti ne. Harsashin .22 yana da kakin shafawa a jikinsa, yana kuma barin toka. Bayan harbi ɗari ko ɗari biyu za ka ji kwanso ya fara liƙewa a ramukan silinda, kuma ƙwayar albarushi ɗaya da ba ta ƙone ba in ta shiga ƙarƙashin tauraron da ke tunkuɗo kwanso tana iya hana silinda juyawa. Maganinsa mai sauƙi ne: ka ɗaga bakin bindiga sama lokacin zubar da kwanso, ka kuma ajiye ɗan buroshi a jaka.

Shin .22 ya isa kare kai? Ba zan yi wa mai karatu daɗin baki ba: shi ne mafi rauni a cikin waɗanda muke magana a kansu. Bayan musayar wutar da jami'anta suka yi da 'yan fashi a Miami a 1986, FBI ta fito da ma'aunin da har yau ake amfani da shi, wato harsashi ya ratsa inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abu da ake gwaji da shi a madadin tsoka. Daga bututu mai ƙasa da inci 2, .22 ba ya samun gudun da zai sa kansa ya buɗe, in kuma ya buɗe sai ya kasa nisa. Shi ya sa kamfanin Federal ya fito da samfurin Punch a 2021, mara nauyi mai faffaɗan kai, wanda aka ƙera don ratsawa ba don buɗewa ba. Ya rage giɓin, bai cike shi ba. Wanda ya zaɓi .22 don kare kai ya sani cewa ya sayar da ƙarfi ne ya sayi yawan atisaye da saurin maimaita harbi a wuri guda. Ga wasu mutane cinikin ya yi, amma a yi shi ido buɗe.

Shi kuwa .22 Magnum, wanda Winchester ya fito da shi a 1959, a doguwar bindiga yake nuna bajintarsa. A gajeriyar libarba wani kaso na albarushin a waje yake ƙonewa, sai ka samu ƙara mai huda kunne da walƙiya a bakin bindiga, ƙarin gudun kuma bai kai yadda sunan ke nunawa ba. Ya fi .22 LR ratsawa, kuma akwai samfuran da Speer da Hornady suka yi musamman don gajeren bututu, amma ya fi tsada sosai, taurin kunamar kuma yana nan yadda yake. Smith & Wesson 351PD da 351C suna ɗaukar 7, Ruger LCR na ɗaukar 6. Kada a kuskura a saka .22 LR a ramin .22 Magnum don neman araha: ramin ya fi faɗi, kwanson na iya tsagewa. Ni dai ban ga ya biya buƙatar nishaɗi ba, ta tsaro kuma akwai wanda ya fi shi.

Kafin mu zo kan wannan ɗin, wato .32, sai an ambaci .38 Special, don shi ne ma'aunin da ake gwada kowa da shi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 yake aiki, kuma tun da Smith & Wesson ya fito da Chiefs Special a 1950, ƙaramar libarba mai harsashi 5 ta zama abokiyar 'yan sandan farin kaya. Jikokinta su ne 642 da 442, masu wajen giram 410, da Ruger LCR mai wajen giram 380. Harsashinsa ko'ina ana samu, kunamarsa ta fi ta .22 laushi, ƙarfinsa kuma ba a gardama a kai. Amma ka zuba masa harsashi mai ƙarin matsi a bindiga mara nauyi haka, kafin ka gama kwali ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni ya fara zogi. Daga nan sai hannu ya koyi zabura tun kafin bindiga ta tashi, kuma wannan ɗabi'a ta fi wuyar cirewa a kan shigarta. Libarbar .38 nawa ne ke kwance a durowa an harba su sau ashirin a shekara biyar? Akwai sassauci ga mai son ta: harsashin gasar saiti mai faffaɗan kai kamar gwangwani, wanda shurinsa kaɗan ne kuma yana huda takarda tsaf. Da shi .38 kan zama abin jurewa. Abin jin daɗi dai ba na ce ba.

Tsakanin waɗannan biyun akwai dangin .32, waɗanda aka daɗe da mantawa da su sai 'yan shekarun nan aka waiwayo. Wutarsu a tsakiya take, don haka kunama ba ta buƙatar sifirin mai tauri, kuma ba su da yawan ƙin tashi. Sun fi .38 siranta, sai silinda ta ɗauki 6 a girman da ke ɗaukar 5. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke shiga juna. Bindigar da aka yi don .327 Federal Magnum, wanda Federal da Ruger suka gabatar a ƙarshen 2007, tana harba .32 H&R Magnum na 1984, tana kuma harba .32 S&W Long na 1896. Ma'ana, da bindiga ɗaya kana da mataki uku: .32 Long don nishaɗi, wanda shurinsa bai fi na .22 da wani abin kirki ba, .32 H&R don ɗauka, shi kuma .327 ga mai so, ko da yake a gajeren bututu ƙararsa da zafinsa sun wuce abin da yawancin mutane za su so. Ruger LCR ta .327 wajen giram 480 ce, saboda jikinta na ƙarfe ne ba alminiyam ba. A 2024 Smith & Wesson tare da dillalin Lipsey's suka fito da 432 UC da 632 UC masu cin .32 H&R, wajen giram 450, da alamun saiti da ido ke gani sosai, abin da tsofaffin ƙananan libarba ba su da shi. Aibin .32 ɗaya ne, kuma babba ne: harsashinsa ba kowane shago ke ajiyewa ba, kuma ya fi .22 tsada nesa ba kusa ba. Wanda ba zai iya yin oda ya tara ba, ko ba ya ɗura kwansonsa da kansa, ya yi tunani sosai. Bindigar da babu abin zuba mata ba a atisaye da ita.

In an tsaya a kan .22 LR, to gasar ta koma tsakanin gidaje biyu, kuma kowanne yana da gajeriya da mai ɗan tsawo.

Smith & Wesson 317 ta fito a 1997, amma asalinta tun shekarun 1930 ne, lokacin da kamfanin ya fara yin 'yar libarbar da masu kamun kifi da masu kwana a daji ke jefawa cikin jakar kaya. Ta yanzu tana da bututu inci 3, harsashi 8, alamar saitin baya da ake iya daidaitawa, da ɗan zare mai ɗaukar haske a gaba. Jikinta da silindarta duk alminiyam ne, shi ya sa nauyinta bai wuce wajen giram 330 ba. In ka ɗauke ta a karon farko za ka zaci babu komai a hannunka. Ƙanwarta 43C nauyinsu kusan ɗaya, amma bututunta bai kai inci 2 ba, gudumarta kuma a rufe take cikin jiki, tsarin da kamfanin ya fara a 1952. Fa'idar wannan gida ita ce siranta, da kuma yawan kube da mariƙi da ake yi musu, tun da sigar ta shekara sama da saba'in a kasuwa. Abin lura shi ne silindar alminiyam tana son lallaɓawa wajen wanki, ba a goge ta da buroshin ƙarfe mai kaushi ko magani mai zafi, kuma farashinsu ba na wasa ba ne.

Ruger LCR ta zo a 2009 da sabon salo: ɓangaren da ke riƙe kunama da guduma roba ce mai tauri, na sama alminiyam, silinda kuwa ƙarfen da ba ya tsatsa. An sa mata wani tsari da ke rage gogayya, shi ya sa jan kunamarta yake tafiya sumul ba tare da tsalle-tsalle ba, ko da yake a samfurin .22 taurin nan yana nan. Sai an kula a saki kunamar ta koma gaba gaba ɗaya kafin a sake ja, in ba haka ba sai ta tsallake. Ta .22 wajen giram 420 ce, harsashi 8, da mariƙin roba na Hogue mai cika hannu. Mariƙin yana da daɗin harbi, amma yana kama yadin aljihu, kuma ya sa ta ɗan fi 43C kumburi. Sai LCRx mai bututu inci 3, guduma a waje da saitin da ake daidaitawa, wajen giram 490.

Giram 160 ɗin da ke tsakanin 317 da LCRx shi ne dukkan muhawarar. A aljihu ko a doguwar tafiyar ƙafa, 317 ta yi nasara. A gaban allon saiti kuwa ƙarin nauyin alheri ne, don yana danne rawar hannu lokacin da yatsa ke kokawa da kunama. In har nishaɗi kaɗai ake nufi, to a ma bar maganar rashin nauyi: Smith & Wesson 63, wadda siffarta ɗaya da 317 amma ta ƙarfe zalla, wajen giram 700, ta fi su duka daɗin harbi, kuma jikoki za su gada.

Guduma a waje ko a rufe? Mai guduma a waje tana ba ka damar ɗana ta da babban yatsa, sai jan kunama ya zama gajere mai laushi, wanda da shi ake bugun gwangwani a nesa. Amma ƙahon gudumar kan sarƙe a yadi wajen zarowa, sannan ɗana bindiga cikin firgici hanya ce ta harbin kuskure, kuma sauke gudumar da aka ɗana a kan harsashi yana da nasa haɗarin. Mai rufaffiyar guduma ba ta sarƙewa, ƙura da zaren aljihu ba sa shiga, kuma tana tilasta maka koyon dogon ja, wanda shi ne za ka yi amfani da shi in rana ta ɓaci. Ga aljihu, rufaffiya. Ga fili da daji, ta waje.

Kamfanin Taurus na Brazil yana da 942 mai harsashi 8, har da samfurin alminiyam, a farashin da ya yi ƙasa sosai da na waɗancan. Ga mai ƙaramin ƙarfi zaɓi ne na gaske, sai dai a duba ta da kyau a shago, a kuma harba ɗaruruwa kafin a amince mata. 'Yan mitsi-mitsin North American Arms masu harsashi 5, da ba su cika tafin hannu ba, abin sha'awa ne, amma sai an ɗana su kafin kowane harbi, riƙonsu da yatsa biyu ne, sake ɗura yawancinsu kuma sai an cire silinda. Ruger Wrangler da Heritage Rough Rider masu siffar bindigar makiyayan da, suna da araha da daɗin wasa, amma ba don aljihu aka yi su ba.

Ga inda na tsaya. In kashi takwas cikin goma na amfaninka fili ne da yawon daji, ɗauka kuma jefi-jefi, LCRx mai inci 3 ko 317, kuma na ɗan fi karkata ga Ruger saboda nauyin da silindar ƙarfe. In kullum za ta kasance a jikinka kuma kana iya samun harsashi, libarbar .32 mai 6 ita ce ta fi kusa da biyan buri biyun nan da aka shigo shago da su. In hannunka na jure .38 kuma kana da halin sayen biyu, akwai dabarar da masu koyar da harbi suka daɗe suna bayarwa: ka ɗauki .38, ka sayi tagwaiyarta ta .22, kamar 642 da 43C, ko LCR biyu. Kube ɗaya, riƙo ɗaya, atisaye mai arha, kuma yatsan da ya saba da taurin .22 zai ji ta .38 kamar man shanu. Wanda kuwa ciwo ko shekaru suka hana shi jure kowane shuri, 43C ko LCR ta .22 ta fi babu, muddin ya gwada ya tabbatar yatsansa na iya ja.

Gwajin ba shi da wuya. Ka nemi izinin mai shago, a tabbatar babu harsashi, a saka na roba in .22 ce don kada allurar da ke dukan gindin kwanso ta daki ƙarfe, ka nufi inda ya nuna maka. Ka ja kunama sau takwas a jere da hannun dama, sau takwas da hagu, idonka a kan alamar saitin gaba. In tana tsalle, ko yatsa ya gaji kafin na takwas, ba taka ba ce, ko da kowa na yabonta. Filayen harbi da yawa suna ba da haya, kuma kuɗin hayar awa ɗaya bai kai asarar sayar da sabuwar bindiga a matsayin kwance ba.

A lissafin kuɗi a sa kube tun farko. Libarba ba ta shiga aljihu tsirara: kuben ya rufe kunama ruf, kuma aljihun ya zama nata ita kaɗai, ba makulli ba tsaba. A sa abin toshe kunne da tabarau, don .22 daga gajeren bututu ma tana lalata ji a hankali. Yatsun hannun da ke tallafawa su tsaya nesa da ratar da ke tsakanin silinda da bututu, nan iska mai zafi ke fesowa. A wanke hannu bayan harbi saboda dalma. Sai akwatin ƙarfe mai kulle, wanda ya kamata ya riga bindigar isa gida. Ƙaramar libarba mara nauyi a idon yaro abin wasa ce, kuma yaron da yatsa ɗaya ya gaza masa zai haɗa manyan yatsunsa biyu ya ja. Duk lokacin da ba ta jikinka, tana cikin akwati a kulle.